Faɗan Tang Lung da Halin Baƙo

Wanda ya san unguwar Briqueterie a birnin Yawunde ya san ta da ƙanshin tsire da kiran salla. Ita ce unguwar Hausawa a babban birnin Kamaru. Sunanta na Faransanci ya samo asali daga wurin yin tubali da aka taɓa kafawa a can, mutanen gari kuwa sukan gajarta shi su ce Birik. Mahauta da teloli da masu sayar da yadi suna zaune a cikinta tun zamanin kakanni, kewaye da mutanen da harshensu Ewondo ne da Faransanci. Akwai kuma wani abu da wanda ya yi ƙuruciya a irin wannan unguwa a shekarun 1980 da 1990 ba zai manta ba, watau ɗakin bidiyo. Ɗan ɗaki ne mai benci da labule a ƙofa, da talabijin guda a bisa tebur. Yaro yakan ba da 'yan kuɗinsa ya shiga, ya fito bayan sa'a biyu yana harbin iska da ƙafa. Manyan gidajen sinima na Yawunde sun mutu ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe na ƙarshe a cikinsu, Abbia, a 2009. Kaset ma ya wuce, yanzu a waya ake kallo. Amma finafinan faɗa na wancan zamani ba su mutu ba.

A ɗakunan nan ba a cika damuwa da sunayen mutanen cikin fim ba. Jarumi shi ne akta, babban mugu kuma shef bandi, wanda yaran Kano suke kira bos. Saboda haka mutane da yawa sun kalli fim ɗin da Faransawa suka sa wa suna La Fureur du dragon, masu Turanci kuma The Way of the Dragon, sau biyar ko goma, ba su taɓa riƙe cewa sunan jarumin Tang Lung ba. A wurinsu Bruce Lee ne kawai. Gaskiya ne Bruce Lee ne ya rubuta labarin, ya shirya fim ɗin, ya kuma fito a matsayin jarumin. An fara nuna shi a Hong Kong a ƙarshen 1972, shi kuwa ya rasu a ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32. Duk da haka Tang Lung mutum ne na ƙage, yana da halinsa dabam da na wanda ya ƙaga shi. Magana ba ta da yawa a bakinsa, gama a ƙasar da labarin ya kai shi ba ya jin harshen kowa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan kuwa sai a tambayi hannu da ƙafa.

Labarin gajere ne. Wata budurwa 'yar Sin mai suna Chen Ching-hua tana da gidan abinci a birnin Roma, ita da wani dattijo, Kawu Wang. Wani mai kuɗi yana son filin, ya sa 'yan daba suna korar masu cin abinci domin a sayar masa dole. Ta aika gida neman taimako, sai aka turo mata wani saurayi daga ƙauye a bayan birnin Hong Kong. Mutumin Birik ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san abin da ake nufi da kafa sana'ar abinci a garin wasu, ya san kuma yadda ake aika wa dangi a gida a ce a turo yaro mai hankali.

Sa'ad da Tang Lung ya sauka a filin jirgin sama, ba abin da ya nuna jarumi ne. Yunwa ta kai shi wurin cin abinci, bai iya karanta takardar abincin ba, ya yi ta nuni da yatsa, aka jera masa kwanonin miya iri iri, ya shanye don kunya. Daga nan cikinsa ya ɗaure masa, tambayarsa ta fari a gidan budurwar ita ce ina makewayi. Kuɗinsa yana ƙulle a jikinsa, ba ya so ya miƙa wa ma'aikacin banki. Da aka kai shi ganin kangayen Romawa na dā, bai ga abin mamaki ba, ya ce irin waɗannan rusassun gine-gine suna da yawa a unguwar talakawa a garinsu. Budurwar ta raina shi, mai kallo ma ya yi masa dariya. Fim ɗin ya daɗe ƙwarai kafin ya bar shi ya ɗaga hannu, har yara a ɗakin bidiyo sukan ƙosa. Jinkirin nan kuwa da gangan ne. Ana so a san shi baƙauye ne tukuna, domin in an ga ƙarfinsa a tuna daga wane irin mutum ya fito.

Ma'aikatan gidan abincin suna koyon karate a lungu bayan gida, sanye da fararen riguna, don su kare kansu. Ɗaya daga cikinsu ya raina karate domin na Japan ne, sauran kuma suka raina damben Sin. Amsar Tang Lung ita ce mabuɗin halinsa duka. Ya ce abin da zai amfane ka a faɗa ka koye shi, ko daga ina ya fito. A lokacin maganar ta wuce kamar ba kome. Sai a ƙarshen fim za a ga nauyinta.

Faɗan fari a lungun nan aka yi shi da dare. Wani ma'aikaci ya fara shiga, aka kwantar da shi da naushi ɗaya. Tang Lung ya fito ba gaggawa. Kafin ya yi bugu yakan faɗi sunan bugun, kamar ɗan makaranta yana ba da hadda, sa'an nan ƙafa ta tashi, mutum ya faɗi. Da ya kayar da su sai ya zauna a kan ɗaya yana jiran na gaba. Abin lura a nan shi ne ƙarancin motsinsa. Ba ya bugu uku inda ɗaya ya isa, ba ya kuma bin wanda ya faɗi da duka. Mai karatu da ya san Gandoki, jarumin littafin Bello Kagara na 1934, zai ga bambanci nan da nan. Gandoki da bakinsa yake ba da labarin yaƙe-yaƙensa, kirari yana gaba takobi yana biye. Haka ɗan dambe a fage, makaɗa suna zuga shi, yana kirari yana kiran abokin karawa, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago. Tang Lung ba shi da makaɗi, ba shi da kirari. Sunan darasin da ya koya shi ne iyakar abin da ya faɗa. Mutum ne da ya ɗauki faɗa sana'a, kamar yadda mahauci ya ɗauki wuƙa: ya san gaɓa, ya san inda zai sa kaifi, ba ya sara a kan ƙashi don a gan shi.

Akwai wasa a cikin faɗansa kuma. A karo na biyu a lungun ya zaro makamin nan da ya sa iyaye da yawa kuka, sanduna biyu gajeru da aka haɗa da sarƙa, wanda ake kira nancaku. Har guda biyu ya riƙe. Bayan ya watsa taron, ɗaya daga cikin 'yan dabar ya ɗauki guda ya ce shi ma zai gwada, ya juya shi, ya buga wa kansa a ka. Bruce Lee ya sa wannan don dariya, amma gargaɗi ne a fili, makami ba ya aiki sai da horon da ke bayansa. Yara ba su ji gargaɗin ba. A garuruwa da yawa na Afirka an yanke muciya da sandar tsintsiya, an haɗa da sarƙar keke ko igiya, an kuma fasa goshi ba adadi. Kukan kyanwar da yake yi, da shafar hanci da babban yatsa, waɗannan kowa ya iya. Atisayen da yake tashi yi shi kaɗai da sassafe a ɗaki, wannan kaɗan ne suka kwaikwaya.

Maganar bindiga ta fi wannan zurfi. Abokan gabansa suna da bindiga, shi ma ya san ana samunta a garin. Maimakon ya nema, sai ya zauna ya feƙe 'yan tsinkaye na itace, masu kama da tsinken tsire sai dai sun fi kauri, ya sa a aljihu. Wanda ya zaro bindiga, tsinke yakan same shi a hannu. Mai iya jifa har ya sami bayan hannu daga nesa, da ya so da ya sami maƙogwaro ko ido. Ya zaɓi hannu. A ofishin mai kuɗin ma, sa'ad da wani ɗan daba ya rage a tsaye, Tang Lung ya yi tsalle ya fasa fitilar da ke rataye a sama da ƙafa, mutumin ya gane karatun ba tare da an taɓa shi ba. Wannan faɗan baƙo ne mai hankali. Ya san ba garinsu ba ne, ya san akwai hukuma, ya san kuma bayan ya tafi mutanensa za su ci gaba da zama a wurin. Bukatarsa a bar gidan abincin ya yi ciniki.

Domin a tabbata halin Tang Lung ne ake gani, ba halin Bruce Lee kawai ba, sai a duba fim ɗin da ya riga wannan fitowa a shekarar nan ta 1972, wanda ake kira Fist of Fury, ko La Fureur de vaincre. Jiki ɗaya ne, ƙafa ɗaya, kuka ɗaya, amma jarumin, Chen Zhen, wani mutum ne dabam. An kashe malaminsa da guba a birnin Shanghai, baƙin ciki ya rufe masa ido. Shi yake zuwa neman faɗa har makarantar Japanawa. In ya bugi mutum yakan ci gaba da bugu bayan aiki ya ƙare, hannunsa yana makyarkyata, fuskarsa kamar mai kuka. Waɗanda ya kashe yakan rataye su a jikin fitilar titi don gari ya gani. Kowace nasara tasa sai ta jawo wa 'yan makarantarsu sabuwar masifa, ƙarshensa kuma ya ruga da tsalle cikin bakin bindigogi. Chen Zhen wuta ce a cikin ciyawa. Tang Lung kuwa wutar mai tsire ce, an san iyakarta, an san abin da aka hura ta domin shi.

Da 'yan daban gari suka kasa, sai mai kuɗin ya yi hayar gwanaye daga waje. Babbansu wani Ba'amurke ne mai suna Colt, wanda Chuck Norris ya fito a matsayinsa, shi kuwa zakaran karate ne na gaske a Amurka a lokacin. Aka yaudari Tang Lung aka ja shi zuwa Kolosiyum, babban filin wasan da Romawa suka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Almasihu, inda aka riƙa sa mutane su kashe juna domin taro ya yi kallo. A wannan rana ba taro. Daga su biyu sai wata 'yar kyanwa a kan dutse.

Faɗan ya kai kusan minti goma, ba wanda ya ce uffan. Da fari kowa ya tuɓe riga, ya juya wa ɗan'uwansa baya, yana miƙa jiki yana shiri. Mutum ba ya juya wa ɗan daba baya. Tun daga nan an nuna kowannensu ya gane ɗayan ɗan sana'a ne. Da aka fara, abin da ba a taɓa gani ba a fim ɗin ya faru, Tang Lung ya sha kāshi. Ya tsaya da ƙafa a kafe bisa ga ka'idar da ya koya, Colt kuwa ya fi shi nauyi da ƙarfin bugu a irin wannan tsayuwa. Aka kai shi ƙasa, ya tashi, aka sāke kai shi. Iyakar abin da ya samu shi ne gashin ƙirjin Colt da ya tsige, ya hure daga tafin hannunsa. A fagen dambe da an riga an ɗaga hannun Colt.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar fim ɗin. Tang Lung ya tashi, jini a bakinsa, bai husata ba. Ya tsaya kaɗan kamar mai lissafi. Sa'an nan ya saki kafaɗa, ya ɗaga dugadugansa, ya fara 'yar rawa a kan yatsun ƙafa, yana shiga yana fita. An san Bruce Lee ya yi nazarin takun Muhammad Ali ƙwarai, ga shi kuwa a fili a nan. Colt ya yi ta kai bugu yana samun iska. Saurayin da ya zo Roma yana faɗin sunan kowane bugu bisa ga littafi, ya ajiye littafin a tsakiyar faɗa, ya ari takun baƙin mutum ɗan Amurka domin ya ci farin mutum ɗan Amurka mai faɗan Japan. Maganar da ya yi a lungu ke nan ta cika. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke, amma faɗin wannan ya fi yinsa sauƙi, gama kafin mutum ya sāke rawa sai ya yarda a ransa cewa ta dā ba ta yi ba. Girman kai yakan hana wannan. Colt kansa ya gwada yin irin takun daga baya, sai dai ya makara, abin bai zauna a jikinsa ba. Baƙauyen da bai ji kunyar tambayar makewayi ba, shi ne bai ji kunyar koyo a gaban abokin gaba ba. Dariyar farkon fim da nasarar ƙarshensa daga hali ɗaya suka fito.

Har nan fim ɗin ya yi kyau, ba abin da za a ce. Daga nan ne magana ta rabu biyu.

Tang Lung ya karya wa Colt hannu, ya karya masa ƙafa. Colt ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Tang Lung ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya girgiza kai, watau ya isa haka. Colt ya ƙi, ya faɗo masa da sauran ƙarfinsa. Tang Lung ya kama wuyansa a ƙarƙashin hammata ya karya. Sa'an nan ya ɗauko farar rigar Colt da baƙar ɗamararsa ya lulluɓe gawar, ya sunkuyar da kai. Masu sharhi da yawa sun yabi wannan wuri, sun ce girmamawa ce tsakanin jarumawa, Colt ya zaɓi mutuwa a kan kunya, Tang Lung kuma ya ba shi abin da ya roƙa. Lalle fuskarsa ba ta nuna murna ba, kuma rufe gawar abokin gaba abu ne da ba a saba gani ba a finafinan faɗa. Amma mai ƙafa ɗaya da hannu ɗaya ba ya iya bin kowa. Mutumin da ya gama nuna cewa ba mai iya taɓa shi in bai so ba, taku biyu baya ya ishe shi, Colt ya faɗi da kansa. Wanda ya auna jifa ya sami hannu ya bar maƙogwaro ya san hanyar da ba ta kai ga kisa ba. A nan bai bi ta ba. 'Yan dambe ma suna cewa an yi kisa, amma abin da suke nufi hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, wanda aka kashe ya tashi ya karkaɗe jiki, wata shekara a sāke haɗuwa bayan kaka. Tang Lung ya iya sāke takunsa, amma bai iya fita daga dokar filin da ya shiga ba, dokar da ta ce mutum biyu sun shiga, ɗaya zai fita. Rigar da ya shimfiɗa ta rufe gawa, ba ta amsa wannan tambaya ba.

Akwai kuma wani rauni wanda fim ɗin da kansa ya fallasa, ko da yake masu kallo sukan manta da shi domin hankalinsu yana Kolosiyum. Sa'ad da Tang Lung ya bi wanda ya yaudare shi zuwa can, ya bar ma'aikata biyu tare da Kawu Wang. Dattijon nan, wanda tun farko yake ta ba da haƙuri yana cewa a bi a hankali, ya zaro wuƙa ya soke su ta baya. Ashe an riga an saye shi. Ya gaji da wahalar shekaru a ƙasar wasu ba abin nunawa, yana so a sayar da gidan ya karɓi rabonsa ya koma gida da arziki. Duk wanda ya zauna a zango ya san wannan gajiya, ya san kuma abin da takan sa mutum ya yi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tang Lung bai ga tsagar ba ko kaɗan. Idonsa yana karanta kafaɗar mutum ya san bugun da ke zuwa kafin ya taso, amma ya ci abinci tare da maci amana kwana da kwanaki bai ji kome ba. Haka budurwar, da ta daina raina shi ta fara nuna masa ƙauna, bai gane ba, ko kuwa ya yi kamar bai gane ba. Irin faɗansa na mutum ɗaya ne. Ma'aikatan sun bar karate sun ce za su bi shi. In faɗa ya zo yakan sa su a bayansa ya gama aikin shi kaɗai. Horon da ya sa ba mai iya kusantarsa da naushi, shi ne ya sa ba mai kusantarsa da zance. Ba shi ne ya kama Wang ba ma. Mai kuɗin ne ya iso da mota ya harbe dattijon da tafintansa, 'yan sanda kuma suka kama mai kuɗin. Abin da ya kawo ƙarshen rikicin bindiga ce da hukuma, abu biyu da ba sa hannun jarumin.

Fim ɗin ya ƙare a makabarta. Gidan abincin ya tsira, amma biyu daga cikin samarin da suke atisaye a lungu suna ƙarƙashin ƙasa. Tang Lung ya yi sallama da budurwar a tsaye, ba doguwar magana, ya juya ya kama hanya shi kaɗai da 'yar rigarsa ta ƙauye. A ɗakin bidiyo ba a cika ganin wannan wuri sosai ba, gama da zarar Colt ya faɗi yara sukan fara tashi daga benci, mai ɗaki kuma yana neman kaset na gaba.